Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga marubuta labaran soyayya: ku koma ku karanta Romeo da Juliet

Assalamu alaikum 'yan'uwana marubuta, mata da maza, masu buga littafi da masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da waɗanda ake karanta nasu a rediyo da YouTube.

Ni malamar makaranta ce. Adabin Turanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma tun ina budurwa nake karanta ku. Da kuɗin tarata na riƙa hayar littattafanku, in kwana ina karatu da fitilar ƙwai don in mayar da safe kada a ƙara mini kuɗi. Na san abin da kuka yi wa al'ummar nan. Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, ku ne kuka fito da zancen auren dole daga ƙuryar ɗaki kuka ajiye shi a tsakar gida, ana zaginku kuna rubutawa. Mata da yawa a kan littattafanku suka iya karatun boko. Saboda haka wannan wasiƙa ta 'yar gida ce, kuma ƙorafi ɗaya ne tak a cikinta.

Ƙorafina a kan wasu yara biyu ne da kuke yawan ambata. Duk sanda ɗayanku ya so ya nuna soyayya ta kai maƙura, sai ya ce kamar Romeo da Juliet. Daga nan kuma an san hanyar da labarin zai bi. Iyaye su ƙi, saurayi ya yanke jiki ya faɗi, a kwashe shi zuwa asibiti yana aman jini, likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, in ba a ba shi abin da yake so ba za a rasa shi. Ko kuma budurwa ta kulle ɗaki ta ce gara ta mutu. Sai hankalin iyaye ya tashi, su sauko, a ɗaura aure. Abin da yarinya 'yar shekara 15 take ɗauka a nan shi ne, mutuwa ce ma'aunin so, wanda bai kai bakinta ba bai so ba tukuna. Kuma sunan Romeo da Juliet ne hatimin da ake buga wa wannan darasi.

Na karanta wasan kwaikwayon nan da ɗalibai ya fi a ƙirga, kuma ina faɗa muku da gaskiyata, ganin kitse kuke yi wa rogo. Abin da William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1595, aka fara buga shi a Landan a 1597, ya sha bamban da abin da ake jingina masa.

Kafin mu buɗe littafin, nakan tambayi aji: wa Romeo yake so a lokacin da wasan ya fara? Baki ɗaya suke amsawa, Juliet. Sai mu buɗe. Ga Romeo nan kuwa, ya rame, yana yawo cikin itatuwa kafin gari ya waye yana kuka, rana na fitowa ya shige ɗaki ya rufe taga. Mahaifinsa ya rasa gane kansa. Amma wadda yake wa wannan kuka sunanta Rosaline, yarinyar da ta yi alwashin ba ita ba namiji, kuma har wasan ya ƙare ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Son maso wani ne yake cin sa. Don ya gan ta ma ya yarda ya bi abokansa walimar gidan Capulet, abokan gabar gidansu, bayan ya rantse rana ba ta taɓa haska wadda ta kai ta ba. A wajen walimar ya hangi Juliet, kuma nan take ya ce bai taɓa ganin kyau ba sai daren nan. In kun ga fuskokin ɗalibaina a wannan gaɓar! Wata ta taɓa ajiye littafin a kan benci ta ce, "Malama, ashe shi ma irinsu ne." Marubucin da gangan ya yi haka. Washegari da sassafe Romeo ya je wajen Fada Laurence, limamin cocin da yake zame masa kamar uba, sai Fada ya ce masa hawayen Rosaline ma ba su gama bushewa a kumatunsa ba, ya kuma ce son samari a ido yake tsayawa, ba ya kai wa zuci.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Labarin ba Shakespeare ne ya ƙirƙiro shi ba. Ya daɗe yana yawo a Italiya, sannan wani Bature mai suna Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562. A wajen Brooke al'amarin ya ɗauki watanni, Juliet kuma ta kusa shekara 16. Shakespeare ya ɗauko labarin ya matse shi. Ya rage wa Juliet shekaru ta koma 13, har ya sa mahaifiyarta da matar da ta shayar da ita suka zauna suna lissafa mana cewa saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14. A Ingila ta zamaninsa kuwa yawancin mata sai sun haura 20 suke aure, don haka masu kallonsa sun san yarinya ce ƙarama a gabansu. Watannin kuma ya mayar da su kwanaki. Sun haɗu daren Lahadi. Ranar Litinin da rana aka ɗaura musu aure a ɓoye. Kafin rana ta faɗi Romeo ya kashe Tybalt, ɗan'uwan Juliet, an kore shi daga garinsu Verona. Talata da asuba suka rabu, kuma ba su sake yin magana da juna ba. Zuwa Alhamis an gama. In ka tattara duk zaman da suka yi tare, bai kai yini guda cikakke ba. Mutum ba ya yi wa labari irin wannan matsi sai in yana so mai kallo ya ji gudun ya yi yawa, ya riƙe numfashi yana cewa a tsaya, a tsaya.

Kada ku ɗauka ina cewa son nasu ƙarya ne. Wallahi akwai wuraren da har yau in na karanta sai tsigar jikina ta tashi. Maganarsu ta farko ma baiti 14 ce da suka raba tsakaninsu, wannan ya yi ɗango waccan ta amsa, amon ƙarshe na haɗuwa kamar sun daɗe da sanin juna. Amma ku dubi Juliet da kyau, domin ita ce kuka fi zalunta. A labaranku budurwa ko dai ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta, ko ta yi ta kuka har a ceto ta. Juliet ta fi kowa hankali a wasan nan. A daren da Romeo ya haura katangar lambunsu yana zuba mata kalamai, ita tambayarsa take yi ta ina ya shigo, ta ce in 'yan'uwanta suka gan shi kashe shi za su yi. Ya ɗaga kai zai rantse da wata, ta hana shi, ta ce wata sauyawa yake yi. Da bakinta ta ce wannan alkawari ya yi gaggawa, ba a yi shawara ba, kamar walƙiya yake, kafin ka ce ga ta ta wuce. Kuma ita ce ta fara kawo zancen aure. Ta ce masa in da niyya mai kyau ya zo, ya aiko mata gobe da wuri da lokaci.

A nan nakan tsayar da karatu. Da 'yar Kano ce ko 'yar Damagaram, abin da za ta ce sananne ne: in da gaske kake, ka turo. Ka turo magabatanka. Juliet ta kai bakin wannan magana, amma babu wanda za a turo, babu kuma wanda za a tura wa. Gidajen biyu, Montague na su Romeo da Capulet na su Juliet, sun gaji gabar da ko sau ɗaya wasan bai faɗi asalinta ba. Babu wanda ya ce gona ce, ko gado, ko jini. Barorinsu kawai muka gani a fitowar farko suna tsokanar juna a titi da maganganun batsa, har ta kai tsofaffi biyu suna neman a miƙo musu takobi matansu na riƙe su. Ƙofar da yaro zai bi ya nemi aure da mutunci manya ne suka toshe ta tun ba a haifi yaran ba. Da yaran suka bi ta katanga, sai aka ce so ne ya kashe su. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wani ɗan wuri da mutane ba sa lura da shi. A wajen walimar, Tybalt, ɗan'uwan Juliet mai zafin kai, ya gane muryar Romeo ya nemi takobinsa. Tsoho Capulet da kansa ya tsawatar masa, ya ce a bar yaron, mutanen Verona na yabonsa da natsuwa da kirki. Mahaifin Juliet ke nan yake faɗin haka a kan Romeo. Ashe da an samu babba ɗaya da zai yi ƙarfin hali ya je ya zauna da shi, wa ya san inda zancen zai tsaya? Manya biyu ne suka san da auren, Fada Laurence da mai renon Juliet, kuma dukansu shiru suka yi. Fada ya ɗaura auren ne da fatan zai sasanta gidajen, amma ko da wasa bai taka ƙafa ya je ya gaya wa iyayen ba. Da abu ya cakuɗe, maimakon ya fito da gaskiya, sai ya ba yarinya maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na awa 42. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A Verona manyan sun hango, suka kau da kai.

Fitowar da nake so kowannenku ya karanta ko da ita kaɗai ce, ita ce ta biyar a kashi na uku. A farkon wasan, da Paris, wani mai sarauta ɗan'uwan Yariman gari, ya zo neman auren Juliet, Capulet magana ya yi ta dattako. Ya ce 'yarsa ba ta san duniya ba, a bari shekara biyu su wuce, kuma Paris ya je ya nemi yardarta tukuna. Kwana ɗaya tsakani, mutumin nan ya yanke ranar aure ba tare da ya tambaye ta ba, wai don ya ɗebe mata kewar Tybalt da aka kashe. Ta durƙusa a gabansa tana roƙon ya saurare ta kalma ɗaya. Ya zage ta tas. Ya ce hannunsa na ƙaiƙayi. Ya ce ita tasa ce, zai ba abokinsa, in kuwa ta ƙi, ta fita titi ta yi bara, ta mutu da yunwa, ba shi ba ita. Ta juya wajen mahaifiyarta, uwar ta ce kada ta yi mata magana, ta gama da ita. Saura mutum ɗaya, matar da ta ba ta nono ta goya ta, wadda ita ce ma 'yar aiken auren. Ita kuma ta ce ai Romeo tsumma ne a kan Paris, ta haƙura ta aure shi. A cikin 'yan mintoci yarinya 'yar shekara 13 ta ƙwanƙwasa ƙofa uku, duka aka rufe. Daga wannan ɗakin ta fita zuwa wajen Fada da wuƙa a hannu.

Wata shekara muna karanta wurin nan, na raba wa ɗalibai muryoyi. Wadda take karanta Capulet ta dage tana ɗaga murya, aji na ta dariya. Can baya kusa da taga na ga wata ta kifa kai a kan benci, hijabinta ya rufe littafin. Na ƙyale ta har aka kaɗa ƙararrawa. Da kowa ya fita ta zo ta tsaya a gefen teburina tana murza bakin hijabi, ta ce, "Malama, wallahi haka Baba ya ce wa Yaya. Har maganar titin." Na tambaye ta ina Yayar take. Ta ce tana gidan mijin, sau biyu tana gudowa ana mayar da ita. Yarinyar nan ko sau ɗaya ba ta ambaci Romeo ba. Abin da ta gani a littafin da aka rubuta fiye da shekara 400 da suka wuce, a wata ƙasa mai nisa, tsakar gidansu ne.

Mutuwar kanta, wadda kuke yi wa kwalliya, ku dubi yadda aka nuna ta. Wasiƙar da Fada ya aika wa Romeo a Mantua, garin da ya koma bayan an kore shi, don ya san Juliet ba mutuwa ta yi ba, ba ta isa ba, domin an killace ɗan aiken a wani gida bisa zargin annoba. Baran Romeo ya riga shi da labarin da ba gaskiya ba, wai Juliet ta mutu. Romeo bai tsaya bincike ba, ya nufi wani mai sayar da magani da yunwa ta rarake, ya yi amfani da talaucinsa ya sayi guba a hannunsa duk da doka ta hana. A bakin kabari ya tarar da Paris ya kawo furanni, ya kashe shi. Ya shiga ya ga leɓɓan Juliet da kumatunta da sauran ja, har ya faɗa da bakinsa, amma bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba. Da ya ƙara ɗan jinkiri kaɗan, da ta buɗe ido ta gan shi. Da ta farka kuma, Fada yana wajen, ya ji motsin masu gadi, tsoro ya kama shi, ya gudu ya bar ta ita kaɗai tsakanin gawawwaki. Kuskure ne a kan kuskure, labarin ƙarya da garaje da babban da ya tsere. Gawa shida aka ƙirga a wasan: Mercutio abokin Romeo, Tybalt, Paris, Romeo, Juliet, da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Uku na farko ba su ma san da wani aure ba.

Na san za ku ce ai ƙaddara ce, kuma gabatarwar wasan ma ta ce taurarinsu ne suka saɓa. Haka ne, ta faɗa. Amma da Yariman Verona ya tsaya a kan gawawwakin, iyayen biyu ya kira ya ce su dubi abin da ƙiyayyarsu ta jawo, ya kuma haɗa da kansa, ya ce shi ma da ya runtse ido a kan rikicinsu ya rasa 'yan'uwa biyu. Sai tsofaffin suka yi musafaha, kowa ya yi alkawarin ƙera mutum-mutumin zinariya na ɗan ɗayan. Ihu bayan hari. Wanda ya kasa ba 'yarsa kunne na minti ɗaya, ga shi zai ba mijinta zinariya.

Ina da magana kuma ga masu ɗaukar wasan su mayar da shi bulala, su ce wa yara kun ga ƙarshen mai bijire wa iyaye. Wannan fassarar Brooke ce, shi ne ya rubuta a gabatarwarsa cewa labarin izina ne ga masu bin sha'awa su watsar da shawarar iyaye. Shakespeare ya karanta hakan ya ajiye shi gefe. Mu kuma da muke Musulmi ba mu da uzuri ta kowane ɓangare. Mun san hukuncin wanda ya kashe kansa. Mun kuma san hadisin Khansa'u bint Khidam a cikin Bukhari, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Tana da inda za ta kai kuka, kuma an saurare ta.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. A birnin Verona yau akwai wani tsohon gida da ake kira gidan Juliet, masu yawon buɗe ido na tururuwa su hau barandarsa su ɗauki hoto, wasu har wasiƙa suke aiko mata daga ƙasashe suna neman shawara, 'yan sa-kai na ba su amsa. Barandar a ƙarni na 20 aka liƙa ta a ginin, kuma kalmar baranda ba ta fito ko sau ɗaya a rubutun wasan ba. Su can abin ya tsaya a hoto da kuɗin shiga. Mu nan, yarinyar da ke karanta ku a ƙarƙashin bargo da wayar yayarta, wataƙila an riga an karɓi kuɗin gaisuwarta ba ta sani ba, kuma a labarinku take neman abin da za ta yi.

Don haka ga roƙona. Ku ci gaba da rubuta so, da zafinsa da daɗinsa, kada ku rage komai. Amma ku daina sa asibiti da guba su zama mabuɗin zuciyar iyaye, domin a zahiri ba kowa ake kai wa asibiti a kan lokaci ba. In za ku rubuta mutuwa, ku rubuta ta yadda take: uwar da za ta shiga ɗakin da safe, ƙanwar da za a daina kiran sunan yayarta a gabanta. Ku ba manyan labarinku fuska da hankali. Na gaji da uba azzalumi da kishiyar uwa mai boka. Ina gwaggon da za ta yafa mayafi ta je ta zaunar da ƙaninta ta ce, Malam, ka ji ta bakin yarinyar nan? Ina kawun da zai ce ba za a ɗaura ba sai na gan ta? Ina limamin unguwa da zai yi abin da Fada Laurence ya kasa? Mutanen nan suna nan a cikinmu, na san wasu, kun san wasu. In yarinya ta gan su a shafinku, za ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa bayan ta uku ta rufe.

Wasan bai da tsawo, kuma yana nan kyauta a intanet. Turancinsa tsoho ne, amma akwai bugun da aka sauƙaƙa. Zangon karatu mai zuwa zan sake karanta shi da sababbin ɗalibai, kuma na yi niyyar bana in muka zo fitowa ta biyar a kashi na uku, zan tsayar da karatun in ce kowace ta ɗauki biro ta rubuta mutum na huɗu da zai shigo ɗakin bayan mai reno ta fita, da abin da zai faɗa. Ina so ku ma ku gwada rubuta shi.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
Malamar adabi, kuma tsohuwar mai karanta ku